Yadda Za Ka Tsinci Wayarka Ka Zama Mai Amana

Kamfaninku na Khartum ya fito da awon ɗa'a, maki ɗari, wanda ya fi kowa shi za a damƙa wa makullin sito? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, makulli ya zama naka. Na gwada su a kan maƙwabcina Gwadabe na unguwar Alsawra, mutumin da ko gyaɗa ba a ba shi ajiya.

1. San mai awo

Ba mala'iku ne ke cike takardar ba, Ustaz Mahir ne, mai kula da ma'aikata, kuma idanunsa biyu kacal. Kirkin da bai gani ba asara ne, kada ka yi almubazzaranci.

2. Lokacin fatur, wato karin kumallo

In an kewaye tiren wake da ƙwai da hantsi, tura ƙwan gaban na kusa da kai, ka ce, "Itfaddal, ya zol," wato bismillah, malam. Mahir na juya baya, jawo abinka.

3. Tsinci wani abu

Mayar da tsintuwa maki arba'in ne, amma mutanen yanzu sun daina yar da kaya. Gwadabe ya yi sati yana leƙen ƙarƙashin tebura, ko biro bai samu ba. To, in tsintuwa ta ƙi zuwa, tsinci naka! Ya zaro sabuwar wayarsa ta Kasuwar Libiya, ya kai wa Mahir.

"Ustaz, a bakin matakala na ganta. Ni kayan mutane ƙona min hannu suke."

Mahir har da ƙwalla.

4. Daure

Wayar za ta zauna a aljihun teburin Mahir sai mai ita ya zo. Kai ne mai ita, saboda haka kada ka zo.

5. Ranar taro

Tsaya gaba, ka sunkuyar da kai. Mudir, shugaban kamfani, ya ɗaga makulli, Gwadabe ya miƙa hannu biyu, sai aljihun tebur ya hau ruri.

"Alhamdulillah, ga masu ita!" in ji Mahir. Ya buɗe murya kowa ya ji.

"Gwadabe!" Gwaggonsa Sittana ce. "Ka yi sabuwar waya ka manta da mu, ko? Kwana uku ina kira da dare, ya walad, kai yaron nan!"

Mudir ya mayar da makulli aljihu a hankali.

Sanarwa: Ni dai tsintuwa na koyar. Kashe waya darasi ne daban, kuma ba wanda ya tambaye ni. Wanda aka kora, kada ya biyo ta ƙofar gidana. Gwadabe ma ta bayan layi yake bi yanzu.