Folantar Alhaji Mamuda

Duk Funtuwa an san Alhaji Mamuda ba ya cin ɗumame, don shi da bakinsa yake shelar hakan a majalisa. Shekara talatin da biyu Hajiya Tabawa tana gidansa, kuma duk safiyar da ta kuskura ta kawo masa tuwon jiya, ko ta ɗora masa ɗan ƙanzo a gefen kwano, amsar ɗaya ce: "Kai wa kaji." Kajin kuwa ba su taɓa ƙi ba. Sun saba har ta kai da sun ji ana kankarar tukunya sai ka gan su a guje, zakaru biyu a gaba, sauran a baya.

To, sai Allah ya sa aka gayyaci Alhaji wani taro a Abuja. Kwana biyu kacal ya yi a otal, amma wayewar da ya dawo da ita ta ishi unguwa guda. Dawowar tasa kuwa ta zo daidai da lokacin da ake jiran manyan baƙi. Autansu Sagir yana neman aure, baffan yarinyar, Alhaji Barau, ya aiko zai zo da ƙannensa biyu su ga gidan da 'yarsu za ta shiga. Hajiya Tabawa ta san irin wannan zuwa. Ba bango ake zuwa dubawa ba, kwano ake dubawa, kuma abin da aka gani a ciki da shi za a auna uwar miji. Tun sati guda ta sa wa zakarun nan biyu ido.

"Ba za a yanka komai ba," in ji Alhaji. "Folanta za ki yi musu."

"Wace ce kuma Folanta?"

"Abincin Italiya ne, da shi manya suke buɗe ciki. Ki tuƙa garin masara ya yi kauri, ki juye a faranti, ki bar shi ya kwana. Da safe ki yayyanka, ki soya har bayansa ya yi ja, in an tauna a ji garas-garas."

Hajiya ta dube shi. "Alhaji, tuwon masara ke nan fa. Wanda ya kwana."

"Kin ji matsalarku ke nan, komai sai kun ja shi ƙauye."

"To namansa fa?"

"Ba a haɗa shi da nama. Darajarsa ke nan."

Ta tuna masa cewa Alhaji Barau manomin masara ne, rumbunansa ma ba su ƙirguwa, kai masa masara a faranti ai neman magana ne. Alhaji ya ce shi ya sa ma, bari ya ga inda masara ta kai a duniya. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ta ɗora tukunya. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Kashegari da hantsi baƙi suka iso, aka shimfiɗa musu darduma a rumfar tsakar gida. Gaskiyar magana folanta ta soyu, don Tabawa ko da fushi ta yi girki ba ta ɓata shi. Ta kankare kaskon tas, ta jera a faranti ta kai, ta gaishe su, ta koma bakin madafa ta kasa kunne.

Alhaji Barau ya yi bismilla ya ɗauki guda. Garas-garas. Ya ɗaga wani yankan ya leƙa ƙarƙashinsa, ya mayar. Ƙannensa ma suka yi ta juye-juye a farantin, ko Allah zai sa a yi karo da cinya. Shi kuwa mai gida ya gyara zama yana ba da tarihin Italiya, ƙasar da bai taɓa taka ko filin jirginta ba.

"Ma sha Allah," in ji Alhaji Barau, yana karkaɗe ɓurɓushi daga babbar rigarsa. "Ilimi kogi ne. Mu da jahilcinmu, a can gida ƙanzo muke ce masa."

Ƙannen suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Tabarmar kunya kuwa da hauka ake naɗe ta. Alhaji Mamuda ya ɗaga murya yadda za a ji har madafa.

"Ai ba haka yake a Abuja ba. Matan namu ne, ka yi ta bayani, hannun bai iya ba."

Maganar ta soki Hajiya Tabawa har zuci. Shekara talatin da biyu ba a taɓa dawo mata da kwanon baƙo da saura ba, yau a gaban surukai an ce ba ta iya ba, kuma wannan labarin za a kai wa uwar yarinya kafin la'asar.

Ana cikin haka sai ga kaji. Tun kankarar kasko suke jira ba a ba su komai ba, suka biyo sawun faranti. Zakarun nan biyu da suka tsallake wuƙa su ne a gaba. Suka kewaye darduma suna miƙa wuya, ɗaya ma ya kai baki gefen farantin da ke gaban Alhaji Barau.

"Tabawa!" Alhaji ya daka tsawa. "Zo ki kore su! Me kaji suke nema a wurin baƙi?"

Ta leƙo daga madafa, ta gyara mayafi, ta ɗan rusuna cikin ladabi.

"A yi musu uzuri, Alhaji. Shekara talatin da biyu kai kake cewa nasu ne. Yau sun ga an kai wa baƙi, sun zo jin ba'asi."