Gwamnatina Ta Gudun Hijira A Bacirawa

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, duk da na yi iya ƙoƙarina. Ni malamin tarihi ne a wata sakandaren 'yan mata a yankin Ɗambatta. Ƙauyenmu yana kusa da makarantar, amma ni a Bacirawa, can cikin birni, nake zaune, kullum ina kan bas, don a ganina mai digiri ya wuce kwana kusa da rumbu.

Ranar aka turo mai duba malamai, wata Hajiya mai tabarau wadda ba ta dariya. Abin da za ta rubuta shi zai sa a ba ni shugabancin sashe ko a hana ni (na riga na gaya wa matata an gama magana).

Darasin ranar a kan Beljiyam ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Jamus ta mamaye ƙasar, ministoci suka gudu Landan, daga can suka ci gaba da mulkin Kwango. Su aika umarni, gwamnansu da ke can ya aiwatar, arzikin Kwango kuma ya riƙe su har yaƙi ya ƙare. Ina cikin bayani na ga yara sun fara hamma, Hajiya ta duba agogo. Nan shaiɗan ya kawo mini misali.

"Ku ɗauke ni a matsayin gwamnatin," na ce. "Ina Bacirawa, gonar da na gada tana ƙauye. Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, shi ne gwamnana. Duk Juma'a in buga waya in ba da umarni. Shekara uku ke nan na ce a daina dawa a koma riɗi, kuma riɗi ake shukawa."

Da na tsaya nan da na tsira. Sai na ciro waya, na buɗe hoton da Kawu ya sa aka turo mini, riɗi kore shar, na ce a zagaya da shi.

Wayar na isa layi na uku, wata ɗaliba mai suna Rabi, 'yar ƙauyenmu, ta ɗaga hannu cikin ladabi.

"Malam, ai wannan gonar babanmu ce. Ga ɗorawarmu nan a gefe."

Na ce gonaki suna kama da juna.

"A'a Malam, taka ce ta gabas da gambar iyaka. Dawa ce a ciki. Bara ma dawa ce."

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Hajiya ta cire tabarau ta ce, "Malam, yaushe rabonka da ƙasar mallakar taka?" Na fara ƙirga shekaru da yatsu. Ta mayar da tabarau ta yi rubutu, layi ɗaya tak.

Ana tashi na kira Kawu, raina a ɓace. Ya saurare ni har na gama.

"To ɗan nan, da riɗi ake tuwo? Buhunan dawar da nake aiko maka duk kaka, kana tsammanin daga ina suke?"

Na ce na ɗauka kyauta ce.

"Kyauta ce mana. Daga gonarka."

"To hoton fa, Kawu?"

"Riɗi ka ce kana son gani, aka nuna maka."

Shugabancin sashe dai malamin labarin ƙasa aka ba, mutumin da kan zo makaranta da laka a ƙafar wando. Ni kuma na koyi cewa mai mulki daga nesa, "to" kawai yake mallaka. Har yanzu ina buga wa Kawu waya duk Juma'a, sai dai yanzu tambaya nake yi: me na ba da umarni a shuka bana?