Yadda Na Yi Fasa-ƙwaurin Zazzaɓi Zuwa Asibiti

Ranar Talata, mako biyu ke nan, na aikata laifin da ban taɓa zaton zan aikata da furfurata ba: na yi fasa-ƙwaurin mara lafiya zuwa cikin asibiti. Na kawo muku ƙarar kaina ne, masu karatu, tun kafin wani ya riga ni ya ƙara wa zancen gishiri.

Maiɗakina ce ta kwana uku tana fama da zazzaɓi da tari, a wannan lokaci na annoba da ko atishawa mutum ya yi sai layi ya watse. Wanda ya san ta ya san ba mai kwanciya ba ce. Shekara ashirin da biyu muna tare, ban taɓa ganin ciwo ya hana ta faɗa ba. Amma ran nan na ga ta taso daga ɗaki zuwa bakin famfo, taku bai fi goma ba, sai da ta dafa bango ta huta sau biyu. Sannan ta ga kofin shayina a kan rediyo, inda ta hana ni ajiyewa tun muna ango da amarya, ta dube shi ta wuce ba ta ce uffan ba. Nan gabana ya faɗi.

Ni kuwa ɗan ƙasa ne mai biyayya. Kullum ina jin Mai Girma Shugaban Babban Kwamitin Yaƙi da Annoba, Allah ya ja zamaninsa, yana shaida mana a rediyo cewa an shirya tsaf, duk wanda ya ji jikinsa ba daidai ba ya kira lambar gaggawa, kafin ya sauke waya daga kunne mota ta iso. Na kira sau goma sha ɗaya. Wayar tana shiga, babu mai ɗauka. Na ce wataƙila bayin Allah suna can suna ceton wasu, na sa wa maiɗakina takunkumi, na tari motar haya muka nufi babban asibiti.

A gaskiya ƙofar asibitin ta burge ni. An zana da'ira-da'ira a ƙasa da farin fenti, kowa ya tsaya a tasa. Ga bokitin wanke hannu sabo fil, da ɗan famfonsa, an rubuta sunan kwamitin a jikinsa da manyan baƙaƙe. Ruwa ne kawai babu, amma kowa ya zo sai ya murɗa famfon ya murza hannu don girmama doka. A bakin ƙofa mai gadi na riƙe da na'urar auna zafin jiki, yana saita ta a goshin mutane kamar mai shirin harbi. Da layi ya zo kanmu ya saita wa maiɗakina, na'urar ta yi ƙara ta kawo ja.

"Baba, Mama ba za ta shiga ba," in ji shi cikin ladabi. "Tana da zazzaɓi."

Na ce, "Ɗana, ai shi ya kawo mu."

"Na sani, Baba. Umarni ne daga sama. Mai zazzaɓi ba ya wuce ƙofar nan. Ku zagaya baya, akwai tantinsu."

Ban yi musu ba, don maganar da hankali a cikinta: a ware masu zazzaɓi kada su gauraya da masu ciki da tsofaffi. Muka zagaya a hankali, tana dafe da kafaɗata.

Tanti kam ya amsa sunansa. Fari tas, gadaje a jere ko ledarsu ba a cire ba, ga tukwanen iskar oksijin suna ta walƙiya. An ɗaura jan ƙyalle a ƙofar daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Wani bawan Allah na ba furanni ruwa a cikin tukwane, da alama a nan ruwan bokitin ƙofa ya ƙare.

"Sai ranar Alhamis," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Mai Girma ne zai yanke ƙyallen da hannunsa. Kafin nan ku kira lambar gaggawa."

Na ciro waya na kira karo na goma sha biyu. Sai ga ƙarar waya daga cikin tantin, a kan wani tebur mai sabon mayafi, taku biyar daga inda nake tsaye. Na tsaya ina kallonta tana ruri har ta gaji. Mai furanni ya ce mai ɗaukarta ya tafi taron bita kan yadda ake amsa kiran gaggawa.

Muka dawo gindin bishiyar da ke gaban asibiti, gaba kura baya sayaki. A nan muka ci karo da maƙwabcinmu Tela, wanda tun farkon annoba ya kwaso kekensa ya dawo wurin yana ɗinka takunkumi. Ya ji labarinmu, ya yi dariya, sai da ya dubi fuskar maiɗakina dariyar ta tsaya.

"Maƙwabci, kai kaɗai ne baƙo a nan," ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "Je wurin mai lemon sanyin can ka karɓo ƙanƙara. A naɗe a hankici a ɗora mata a goshi ɗan lokaci, sai ku shiga layi ta inuwa. Kowa haka yake yi. Mai lafiya ma in ya tsaya awa guda a ranar nan na'urar ja take kawo masa. Har ma'aikatan ciki na gani suna yi."

Na ce, "Tela, wannan ai cin amanar hukuma ne."

"To tsaya ka jira Alhamis."

Ba zan ɓoye muku ba, na yi ta saƙa da warwara. Na san in cutar ce, zan kai ta cikin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Ina cikin haka maiɗakina ta ja hannun rigata.

"Malam, mu koma gida kawai," ta ce. Kalma biyar, sai da ta ja numfashi sau biyu kafin ta kai ƙarshensu.

Na miƙe na tafi wurin mai lemo. Tela ya ƙara mata takunkumi na biyu a kan na farko, ya ce kada mu tsaya kusa da kowa. Da muka koma ƙofa, na'urar ta kawo kore shar. Mai gadi, wanda ya ga goshi ɗari tun bayan namu, ya dubi lambar ya ce, "Mama, lafiyarki ƙalau, har kin fi kowa sanyi yau. Ku wuce."

Muna shiga ban bi layi ba. Na tari nas ta farko da na gani, wata doguwa wadda igiyar takunkuminta ta tsinke ta ƙulle ta da hannu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na faɗa mata komai har da ƙanƙarar.

"Baba, ba sai ka faɗa ba," ta ce, ta riga ta kama hannun maiɗakina. "Daga jiƙaƙƙen ɗankwali nake gane ku. Ku ne na bakwai yau. Da ka wuce da ita layin masu ciki, da ni da kai ne a asibitin nan."

Ta kai ta can ƙarshen baranda, wani ɗakin ajiya da ita da abokan aikinta suka kwashe tarkacensa suka buɗe tagoginsa. Gado uku ne da tsohuwar tukunyar oksijin guda, fentinta duk ya goge. Ta ce sau uku suna rubuta takarda a ba su izinin shiga tanti, amsar ɗaya ce, a jira ranar buɗewa. Ta sa wa maiɗakina robar iska a hanci, ni kuma ta kora ni gida da umarnin in kulle kaina mako biyu. Gwaji ya fito, cutar ce. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba, ni kaɗai a gida, ina kallon takalmanta a bakin ƙofa.

Ranar Alhamis na ji bikin buɗe tanti kai tsaye a rediyo. Mai Girma ya yanke ƙyalle, aka yi tafi. Ya kuma yi wa jama'a albishir cewa saboda tsauraran matakan kwamitinsa, tun da annoba ta fara ko mutum ɗaya mai zazzaɓi bai taɓa wuce ƙofar asibitin ba, ga littafin mai gadi nan shaida. Aka sake tafi. Ni ma na tafa, don na san gudummawar da na bayar a wannan nasara.

Kwana tara maiɗakina ta yi a ɗakin ajiyar nan. Da aka sallamo ta, ta shigo a hankali, ta rame, ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana dube-dube. Idonta ya sauka kan rediyo.

"Malam, kofin nan tun yaushe yake nan? Wato in na mutu haka za ka mai da gidan nan?"

Ta yi minti goma tana yi, ba ta tsaya jan numfashi ko sau ɗaya ba. Na zauna ina saurare, ina share ido da gefen riga, ban taɓa jin faɗa mai daɗinsa ba.

Saƙo ɗaya gare ni zuwa ga Mai Girma, ranka ya daɗe. Na ji an ce za a kafa tanti na biyu. Idan almakashi ne ke wuyar samu har sai an jira Alhamis, Tela ya ce yana da guda biyu, kuma a bakin ƙofa yake wuni.