Jimina Tsirara a Sukukutane

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da jiminar Gwaggo Cima ba. Har yau idan na tuna sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Abin haushin kuma, na rasa wanda zan ɗora wa laifin ya zauna daram. Na gwada Anasara, na gwada Gwaggo, har tsuntsun kansa na gwada, amma kullum sai laifin ya gangaro ya dawo ƙofar gidana.

Zamanin Nasara ne, ina tafinta a biro, wato ofishin kumandan na Dogon Dutsi. Ban daɗe da fitowa lekkol ba, wato makarantar boko, ina da wata farar kwat mai maɓallan tagulla biyar da nake gogewa da toka kowace safiya (ku riƙe zancen maɓallan nan, za mu dawo kansu). Duk maganar da za ta shiga kunnen kumandan sai ta bi ta bakina, wadda za ta fito ma haka. Sai kaina ya kumbura. Idan na ratsa kasuwa, tafiya nake kamar ni na kafa dutsen garin.

Ana nan sai ƙanen matar kumandan ya zo daga ƙasarsu. Wani siriri ne mai jan hanci, ba ya harbi, ba ya ciniki, shi dai ya ɗauki hoton namun daji. Yana da wani akwatin hoto mai ƙafa uku da ba ya yarda kowa ya taɓa, nan take mutanen gari suka sa masa Mai Akwati. Kwana takwas kacal gare shi kafin ya juya. Kumandan ya shimfiɗa taswira a kan tebur, ya kira ni, ya kira Hamani gardin daji, ya ce a zaɓa wa baƙonsa dajin da ya fi dacewa.

Hamani Bazabarme ne, ya yi shekaru yana aiki a gandun dajin da Nasara suka keɓe can bayan Sayi, wajen kogi. Ba shi da yawan magana, abin da ya ƙara sa jinina bai haɗu da nasa ba ke nan. Ya ɗora yatsa a taswira ya ce can za a je. Ya ce rani ne, ruwa ya janye, giwa da ɓauna da gwanki duk sun taru a 'yan mashayan da suka rage, mutum ya sami inuwa ya zauna su zo su same shi. Hanya ba kyau, akwai ƙudan tsando, amma dabba kam akwai.

Ni kuma aka ce in fassara. Ku ji fa! Wato ni ɗan Arewa, ƙasarmu ta Dogon Dutsi, da bakina, in gaya wa baƙo ƙasarmu ba ta da abin kallo, ya kwashi akwatinsa ya bi Hamani? Raina ya ɓaci. Na fassara, amma na zuba nawa gishirin. Na ce hanyar ta mutu murus, tsandon can ba ya barin mutum da rai, kuma giwayen wurin sun gaji da hoto, kowane Anasara ya ɗauke su. Amma ga jimina nan ƙasarmu, arewa da garin Sukukutane, garke-garke, ba wanda ya taɓa kai musu akwati.

Idon Mai Akwati ya yi wal. Ashe yana da hoton giwa, jimina ce ba shi da ita.

Hamani ya dube ni ya ce da Hausa, a hankali, rabonsa da jin labarin jimina a dajin nan tun yana sabon gardi, maharba sun kora su arewa. Wannan ban fassara ba. Kumandan dai ya lura an yi wata magana da ba ta iso gare shi ba. Ya naɗe taswira ya ce an zaɓi Sukukutane, amma in sani, idan baƙonsa ya dawo ba hoton jiminar daji, kujerar tafinta ta fi ƙarfina, zan koma ɗakin baya ina manna ambulan. Na ƙame na ce na yarda.

To bari in faɗi gaskiya. A duk rayuwata ban taɓa ganin jiminar daji ba. Iyakar dajina shi ne bayan garinmu, shi ma da rana. Jimina ɗaya na sani a duniya, wato Ɗan Lele na Gwaggo Cima.

Gwaggo Cima ƙanwar mahaifina ce, tana zaune a wani ƙauye kusa da Sukukutane. Mijinta maharbi ne, kafin ya rasu ya kawo mata ɗan jimina kamar kaza, ta rene shi da dawo da gyaɗa har ya wuce tsawon danga. Namiji ne, gashinsa baƙi wuluk yana sheƙi, fukafukai da wutsiya fari fat. Duk shekara takan cire 'yan gasu ta ba fatake, da shi take rufa wa kanta asiri. Ni kuwa duk zuwan da na yi sai na cika aljihu da gyaɗa na ba shi, don haka mun saba.

Na ce da kumandan zan riga su in duba daji. Na hau doki sai gidan Gwaggo. Bayan mun gaisa na shimfiɗa mata shirina: ranar Alhamis da hantsi ta kora Ɗan Lele zuwa tabkin bayan gari, ta kwance igiyar ƙafarsa, ta ɓuya. Anasara zai ɗauki hotonsa, shi ke nan. Ta tambaya ko akwatin yana da harsashi, na yi dariya irin ta wanda ya yi lekkol. Ta tambaya ko tsuntsunta zai komo gida.

Na ce, "Haba Gwaggo, aro ne. Na rabin yini ma."

Daga nan ta ce to, ta ji. Ni kuma na ɗauki wannan "to" a matsayin biyayyar mutumin ƙauye ga ɗan boko, na koma ina fito a kan doki.

Ranar Laraba muka taso da motar kumandan, ni da Mai Akwati da Hamani, wanda aka haɗa mu da shi ya riƙe bindiga. Sau biyu yashi yana riƙe mota, sau biyu ina tsaye gefe ina ba da umurni don kada kwat ta ɓaci. Alhamis tun da sassafe muka laɓe bayan sabara a bakin tabki. Mai Akwati ya kafa akwatinsa ƙasa-ƙasa, ya kwanta rub da ciki a kan ƙarangiya, bai ko yi tsaki ba. Na tsuguna kusa da shi ina raɗa masa ilimi. Na ce jiminar daji tana jin warin mutum daga nesa, shurinta ɗaya yana tsaga namiji biyu, ni kaina sau uku ina tsallake rijiya da baya. Yana ta gyaɗa kai.

Hamani ya ɗan zaga bakin ruwa yana duban ƙasa, ya dawo ya zauna. Ya ce mini abin mamaki, sawun jimina ɗaya ne tak a wurin, kuma duk inda ta taka akwai sawun mace a gefenta. Na ce ya ji da bindigarsa.

Hantsi ya ɗaga, sai ga wani ɗan kai ya ɓullo saman sabara, a kan dogon wuya. Mai Akwati ya riƙe numfashi. Ni kuwa zuciyata fari ƙal, har na fara hango kaina a babban biro na Yamai. Wuyan ya matso, ya matso, sai gangar jiki ta fito fili.

Jama'a, tsirara!

Ko gashi ɗaya babu. An fige Ɗan Lele tas, kamar kazar da za a jefa a tukunya, sai dai wannan kazar ta kusa tsawon raƙumi. Fatarsa ja-ja, an shafe ta da man shanu don kada rana ta ƙone shi, yana ta ƙyalli. A gadon bayansa an ɗaura wani tsohon zane mai ratsin shuni, an ƙulle a ƙirji. Ga laya a wuya tana lilo. Haka ya tako bakin ruwa yana rangaji, ko kunya babu.

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni ban yi ba. Na matsa kunnen Mai Akwati na ce wannan wani iri ne na musamman da ba a samu sai a Arewa, da zafi ya yi sai su zubar da gashi. Ya ɗago jan hancinsa ya dube ni, ya tambaye ni cikin ladabi ko zanen ma da kansu suke ɗaurawa.

Kafin in sami amsa, Ɗan Lele ya hango farar kwat. Ya miƙe wuya, ya buɗe figaggun fukafukansa, ya sheƙo a guje. Mai Akwati ya rungume akwatinsa. Hamani ko ɗaga bindiga bai yi ba (wannan ma ban yafe masa ba). Dodon dajin da na ce yana tsaga namiji biyu ya zo ya ɗora wuyansa a kafaɗata, ya cusa kai cikin aljihuna yana neman gyaɗa. Da bai samu ba, sai ya ga maɓallai suna walƙiya. Ya cafke na farko. Ina kallo ya bi ta dogon wuyan nan yana gangarawa. Ya cafke na biyu, ya cafke na uku. Ina ture shi yana ƙara manne mini, man shanu ya dame kwat, hulata ta faɗi cikin laka, ina ta faɗin "kai, kai, Ɗan Lele, bari!" Wato da bakina na kira sunansa.

Sai na ji ƙas. Na juya, Mai Akwati yana bayan akwatinsa. Na sake jin ƙas.

A lokacin Gwaggo Cima ta fito daga bayan wata bagaruwa da ƙwaryar gero a hannu, hankalinta kwance. Wallahi idona ya rufe. Na manta ƙanwar ubana ce, na hau ta da faɗa a gaban baƙi. Na ce ta kashe ni, ta tozarta Arewa gaba ɗaya, wane irin rashin tunani ne a fige tsuntsu ana gobe za a ɗauki hotonsa? Ta bari na gama. Ta watsa wa Ɗan Lele gero, sa'an nan ta juyo.

Ta ce, "Ɗana, ranar da anka zo ɗaukar dokin mijina, wa yat tsaya gaban gardi yac ce aro ne? Kai ne. Ranar da anka kwashi hatsinmu zuwa rumbun Nasara, wa yac ce ajiya ce? Kai ne, da wagga riga taka. Doki bai komo ba, hatsi bai komo ba. To da kac ce aro, na san Ɗan Lele ya tafi ke nan. Nac ce su ɗauki nama, gashi dai nawa ne."

Mai Akwati ya ce in fassara masa. Na ce tsohuwa tana yi masa barka da zuwa. Sai Hamani ya yi gyaran murya. Mutumin da nake rainawa, wai ba ya jin Faransanci, ya jero maganar Gwaggo kaf da guntun Faransancinsa na bariki, bai bar doki ba, bai bar hatsi ba, har rigar ya faɗa. Mai Akwati ya miƙe tsaye. Daga nan ya cire hularsa ya ɗan rusuna wa Gwaggo. Ni ko kallo ban samu ba.

Washegari Hamani ya wuce da shi gandun bayan Sayi. Da 'yan kwanakin da suka rage masa ya samo giwaye da ɓauna har da zaki yana hamma. Ni kuma kumandan ya cika alkawari, na koma ɗakin baya ina lasar ambulan. Kuma wa aka ɗora a kujerata kafin a samo wani? Ku ƙaddara da kanku, ni bakina ba zai faɗa ba.

Ban gama haɗiye wannan ba sai hoto ya iso daga ƙasarsu, an wanke shi babba. Ga ni baki buɗe, kwat a wangale, ga Ɗan Lele da zanensa ya rungume ni da wuya. Kumandan ya sa aka rataye shi a biro, daidai inda masu kawo ƙara suke jira. Mutanen da ba su da wata ƙara suka riƙa zuwa daga Dumega, daga Lugu, wai sun zo gaisuwa. Shekara da shekaru ina hidima a garin nan, amma har na bar aiki ba a kira ni da sunana ba, sai Abokin Ɗan Lele. Wannan adalci ne? Hoton giwayen Hamani ko ɗaya ba a rataye ba.

Na yi fushi da Gwaggo, na ɗauke ƙafa daga gidanta. Bayan kamar wata biyu sai wata mai tallan nono daga wajensu ta tsaya ƙofar biro tana nemana. Ta miƙo mini wani ɗan ƙulli a tsumma. Na kwance, sai ga maɓallan tagulla biyu, an wanke su tas an goge da toka. Ba sai an gaya mini ta hanyar da suka fito ba. Ta ce Gwaggo tana gaishe ni, ta ce na ukun yana tafe, ana sa ido. Kuma ta ce a gaya mini Ɗan Lele aro ya yi, su a gidansu aro yana komowa.

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni dajin da zai je ɗaukar hoton dabbobi, sai in ce ya nemi wanda ƙaya ta taɓa soke masa ƙafa a dajin, ya bar mai farar kwat. Kalmar aro kuwa ban sake fassara wa kowa ita ba. Maɓallan biyu suna nan cikin akwatina, ban mayar da su jikin riga ba. Na ukun har Gwaggo ta rasu bai fito ba.