Alhaji Ɗantani Ya Bar Sitaci

Wani mutum ne a unguwarmu ana ce masa Alhaji Ɗantani. Har gobe in tsautsayi ya zaunar da kai kusa da shi, sai ya riƙe hannunka ya ba ka labarin zaluncin da aka yi masa. A cewarsa, tun da aka kafa garin nan ba a taɓa cutar bawan Allah kamar yadda aka cuce shi ba. Ya ce da Majalisar Ɗinkin Duniya na sauraron irin wannan ƙara, da tuni ya hau jirgi. Mutum uku yake tuhuma: taubashinsa Sallau, da matarsa Hajiya Kulu, da Ilu mai wanki da guga. Na huɗunsu ba mutum ba ne, lasifikar masallaci ce, kuma ita ya fi jin haushi.

To ga yadda aka yi.

Alhaji Ɗantani ɗan gayu ne na bugawa a jarida. Shadda in ba ta sha sitaci har ta iya tsayuwa da kanta ba, ba ya sa ta. In ya taho, tun daga kwanar layi za ka ji rigar tana ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen ganye. Hula a karkace, turare kamar an fasa kwalba, tsinken sakace a gefen baki ko da ruwa kawai ya sha. Ba ya cin tuwo a waje, wai ɗan gayu ba a ganin hannunsa cikin miya. Saboda haka 'yan majalisar gindin dalbejiya suka naɗa shi Sarkin Ƙwalisa, suka bar masa kujera ɗaya tilo mai hannu da ke wurin. Kowa a benci, shi a kujera. In ka ce ya zaɓa tsakanin kujerar nan da motarsa, sai ya miƙa maka makulli.

Abu ɗaya ne ya so ya ɓata masa ado: tumbi. Tumbin Alhaji shi ke fara shiga zaure ya yi sallama, sannan mai shi ya iso. Rabonsa da ganin yatsun ƙafarsa a tsaye tun kafin a kawo wayar salula. Amma shi ba ya kiransa tumbi.

"Kwarjini ne," in ji shi, yana shafawa. "Ba a sayen irinsa a kasuwa."

Ana nan sai Sallau, wanda shi ma da ƙato ne kamar randa, ya fara zubewa. Ba zubewar ciwo ba, a'a, fuska fes, tafiya cas-cas kamar ɗan ƙwallo. Kowa ya gan shi sai ya yaba. Har mai shayi ya ce, "Malam Sallau, ai ka koma saurayi." Maganar nan ta soki Alhaji Ɗantani kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Ran nan da yamma majalisa ta cika, Alhaji ya gyara zama ya dubi Sallau ya ce, "Kai bawana, zo nan. Yunwa ce ta cinye ka, ko matarka ce ta sa wa kicin kwaɗo?"

Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, bawan da ke ganin ƙafarsa ai ya fi ubangidan da sai dai a ba shi labarinta."

Aka kwashe da dariya. Alhaji ya yi kamar bai ji ba.

"To faɗa mana, wane boka ne?"

"Ba boka ba ne, likita ne ya ɗora ni a kan wani tsari, yana kuma duba ni. Ya ce in rabu da sitaci, in kama maiko. Ƙwai, kifi, nama da kitsensa, kindirmon da ba a cire wa mai ba, man shanu, ga zogale da alayyafo. Shi kuwa sitacin, abin da ake nufi..."

"Dakata!" Alhaji ya ɗaga hannu. "Ni za ka koya wa sitaci? Ni? Tun kana yawo ba wando nake hulɗa da sitaci. Duk garin nan wa ya kai ni sanin sitaci?"

Wannan kam gaskiya ce, ba wanda ya musa.

"Abin da ka yi a shekara, a wata uku zan yi shi. Ba ni ne wakilin ango a ɗaurin auren ɗanka Mudi ba? To ku shaida, ranar da kaftanin angwancina zan zo, wanda na sa ranar da aka kawo Kulu. In bai shige ni ba, ga kujera ga sarauta, na bar wa bawa."

Sallau ya ce, "An ce da kare ana biki a gidansu."

Majalisa ta amsa, "Ya ce mu gani a ƙasa!"

A hanyar gida Alhaji yana tafe yana jinjina kai. Ashe shi ya sa! Shekara da shekaru yana sa shadda mai sitaci, zufa na jiƙa ta, sitacin yana bin ƙofofin gashi yana shiga, yana gangarawa ciki yana daskarewa. Ashe duk abin nan ba tumbi ba ne, sitaci ne ya yi gida. Ya daki cikin ya ji tauri, ya ce, "Ga shi nan kuwa."

Ya biya ta rumfar Ilu.

"Ilu, daga yau ko ƙamshin sitaci kada ya kusanci kayana."

Ilu ya ajiye dutsen guga. "Alhaji, shaddar za ta kwanta fa, ta yi laƙwas kamar lagwani."

"Umarnin likita ne. Kai dai yi abin da aka sa ka."

Da ya isa gida ya ƙwala kira. "Kulu! Daga yau maiko. Duk abin da za ki ba ni, in ban ga fuskata a cikinsa ba, ki mayar."

Abin nema ya samu. Da safe waina tana ninƙaya a mai, ga ƙosai, ga burodi an shafe shi da bota ciki da baya, ga shayi mai kaurin da cokali ke tsayawa. Da rana shinkafa da wake, man gyaɗa har yana ambaliya. Da dare tuwon shinkafa malmala uku, a kwarara man shanu har sai tuwon ya koyi iyo. In ya gama sai ya jingina da bango, ya yi gyatsa, ya ce, "Wahalar magani kenan. Allah dai ya ba mu lada."

Hajiya Kulu ta kasa haƙuri. "Alhaji, ni fa na ji matar Sallau tana cewa sitacin nan da ake magana..."

"Kulu! Ilimin likitanci ne wannan, ba hirar gidan suna ba."

Ta ƙara masa man shanu ludayi guda.

Abin da ya ƙara rura wutar shi ne, a makon farko maganin ya yi kamar ya ci. Da can rigar Alhaji a buɗe take tsaye kamar rumfar biki. Yanzu da babu sitaci sai ta kwanta a jikinsa, faɗinsa ya ragu da kusan kamu guda. Mai shayi ya dube shi ya ce, "Kai, Alhaji, kamar fa ka faɗa."

Shi ke nan, an ba mahaukaci ganga. Alhaji ya zama likitan majalisa. Kowa ya sayo balangu sai ya miƙa hannu: "Tsame min kitsen nan, kai cutar da kai zai yi, ni kuwa magani ne." Ya riƙa tare masu ƙiba a hanya yana ba su shawara kyauta. Har cewa ya yi yana tsoron ranar iska mai ƙarfi, kada ta ɗauke shi.

Sallau dai kallonsa yake yana murmushi. Da ya buɗe baki zai yi tambaya, Alhaji zai ce, "Hassada ga mai rabo taki."

Sai ga zariyar wando ta fara gajarta. Alhaji ya ce Ilu ne ya dafa ta a ruwan zafi. Zoben azurfa ya ƙi fita daga yatsa, ya ce maƙeran yanzu ba su da amana. Wata rana aka kira sallar la'asar, ya miƙe, kujerar ta miƙe tare da shi, maƙale a ƙugunsa. Sai da mutum biyu suka ja ta, ta fita fut!

"Katako ne ya sha damina ya kumbura," in ji shi.

Rana ba ta ƙarya. Safiyar ɗaurin aure Hajiya Kulu ta zaro kaftanin daga ƙasan akwati, ruwan ƙwai, yana ƙamshin kafur. Alhaji ya zura kai, ya shiga. Ya zura hannuwa, suka shiga da ƙyar. Da aka iso kan tumbi, kaftani ya ce nan ne iyakata. Aka ja, aka girgiza, aka yi bismilla aka sake ja. Ko gezau.

Zufa ta karyo masa. A ransa ya hango Sallau a kan kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, shi kuma a ƙarshen benci kusa da kwata. Ina! Idonsa ya faɗa kan baƙar robar nan ta tsohon tiyub da ake ɗaure kaya a bayan babur.

"Kulu, ɗauko robar can."

"Alhaji, ka ji tsoron Allah, mutum ne kai ba buhun gawayi ba."

"Ɗauko, na ce!"

Ya ja numfashi ya riƙe. Ta naɗa, ta naɗa, ta sa ƙafa ta tokare bango ta ja, ta ƙulle a baya. Tumbi ya rabu biyu, rabi ya gudu ƙirji, rabi ya nemi mafaka a ƙasa. Aka ja kaftani, sululu ya sauka har gwiwa.

Alhaji ya fito yana tafiya kamar wanda ya haɗiyi taɓarya. Jama'a sun cika masallaci har waje. Kowa ya gan shi sai ya riƙe baki. Shi kansa Sallau sai da ya murza ido.

"Ranka ya daɗe, kai ne?"

"Ni... ne," in ji Alhaji. Maganar ma gutsure-gutsure take fita, don numfashin awo ake ba shi. "Ka yi... ban kwana... da kujera."

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne, ba a ɗaura aure a tsaye. Liman ya ce, "Wakilin ango ya matso." Aka buɗa masa hanya har gaba, aka nuna masa darduma. Ya fara sauka kaɗan-kaɗan kamar ana sauke firji daga mota. Gwiwa ɗaya. Gwiwa biyu. Ya zauna. Ladan ya kawo makirfo ya kafa masa daidai ƙirji, don na waje su ji.

Abin da unguwa ta fara ji ta lasifika shi ne, ƙiiiiƙ.

Liman ya dubi ladan, ladan ya dubi waya.

"Muna... nema... wa ɗan... mu... Mu..."

Fau!

Roba ta tsinke. Ƙarar ta bi lasifika ta karaɗe unguwa. Na waje suka watse, wani na cewa taya ce, wani na cewa taransifoma ce. Awaki suka tsinke igiya. Wutsiyar robar ta fyaɗo ta ƙasan riga ta make farantin goro da alewa, suka tashi sama kamar an watsa wa kaji tsaba. Kafin a ce kwabo, kaftani ya amsa, ɓaraaak, tun daga wuya har ƙasa. Tumbi ya fito ya gaida jama'a, ya zauna daram a kan cinya, ya ninka na da, har sheƙi yake don man shanu.

Wani dattijo ya cire rawaninsa ya yafa masa.

Sallau ya matso, ya durƙusa kamar mai ta'aziyya. "Sannu, ranka ya daɗe. Amma tsakaninka da Allah, ka bar sitacin nan kuwa?"

Nan fa ran Alhaji ya ɓaci. Ga numfashi ya dawo, ga makirfo a gabansa ya manta da ita.

"Ni za ka tuhuma? Wata uku ko ɗigon sitaci bai taɓa jikina ba! Ga Ilu can, ku tambaye shi! Ko hulata ban yarda ya sa wa ba!"

Daga sahun baya Ilu ya ɗaga hannu. "Gaskiya ne, ko hula."

Sallau ya dubi Ilu, ya dubi tumbi. "To tuwo fa?"

"Ina ruwan tuwo a ciki? Tuwo ake sa wa riga?"

"Shinkafa? Burodi? Waina?"

"Duk da mai nake ci, kamar yadda ka ce! Malmala uku kullum, ban taɓa fashi ba! Da wani sitaci ne daban, me ya hana ka faɗa?"

"Na fara faɗa, ranka ya daɗe."

"To ai ni na ce ka dakata!"

Sai da maganar ta fita, ta zaga unguwa, ta dawo masa ta lasifikar waje, sannan ya ji abin da ya ce. Dariya ta ɓarke daga masallaci, ta tsallaka katanga, har matan da ke tuƙin tuwon biki a cikin gidaje aka jiyo shewarsu. Liman ya sa hannun riga ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa.

Sallau ya jawo makirfo ya gyara murya.

"Jama'a, ku shaida, kujera ta dawo hannun bawa. Amma a yi wa Alhaji adalci, bai yi ƙarya ba. An bar sitaci, kuma an rame." Ya ɗaga gefen yagaggen kaftanin da yatsu biyu. "Rigar ce ta rame."