Ranar da Kwamfutata Ta Farka a Daji

Ni ba na kashe kwamfuta. Rufe ta nake yi ta yi barci, ina buɗewa ta ci gaba daga inda na tsaya. Matata ta sha wannan lacca.

Ran nan na rufe ta ana tsakiyar fim ɗin yaƙi, na hau motar Dogon Dawa. Muna cikin daji muka faɗa rami, murfin ya ɗaga cikin jaka, sai harbi ya ɓarke. Direba ya taka birki, fasinjoji suka watse cikin ciyawa, ni ne a gaba, ba takalmi.

Da gaskiya ta fito, wata dattijuwa ta ce, "Malam, Allah ya isa!"

Har yau Mai Bindiga ake kirana a tasha. Amma fa daidai inda na tsaya ta ci gaba!