Wasiyyar Kwamfuta da Tsintsiyar Baba Ilu

Ba zan taɓa mantawa da makon da na kusa raba Baba Ilu da aikinsa ba, alhali dattijon bai ci nanin ba nanin ta so cin sa.

A lokacin ni ke kula da kwamfutoci a wata cibiyar koyon jarrabawa a Gwarzo, inda ɗalibai ke zuwa har daga Getso da Madadi. Kowa Injiniya yake ce mini (ni na raɗa wa kaina sunan, kada ku tambaye ni takarda). Sai babbar kwamfutar da sauran ke jingine da ita ta tsiro da hali: kullum da safe, ana shirin farawa, sai ta sume ta sake tashi da kanta. Alhaji mai cibiyar ya tsare ni da tambaya, ni kuwa ba na iya cewa ban sani ba. Na lura a daidai lokacin Baba Ilu ke shara, sai na ce ai tsintsiyarsa ce ke taɓa wayoyi. Alhaji ya ce in abin ya kai Juma'a, dattijon ya nemi wani wurin.

Ranar Laraba Alhaji ya zo da Malama Habiba, 'yar wani malamin allo a Durun ta ƙasar Kabo, wadda ke aikin kwamfuta a Kano, ta zo gida suna. Na dube ta a raina na ce, to, mu ga tsiya. Bayan mun gaisa ta tambaye ni fayil ɗin da kwamfutar ke bari duk lokacin da ta faɗi.

"Au, wannan ƙaton mai cinye wuri? Ai kullum sai na goge shi," na faɗa, har da gyara hula.

Ta ce, "Malam, wasiyyarta ke nan kake gogewa."

Ta yi mana bayani a tsanake cewa idan kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ya faɗi, yakan zubar da duk abin da ke ƙwaƙwalwarsa a wannan fayil, don mai bincike ya ga abin da ya kayar da shi. Na gyaɗa kai kamar dama na sani.

Washegari ta sa Baba Ilu ya zauna a kujera, tsintsiyarsa a cinya. Aka jona na'urar ɗaukar hoton yatsa don rajistar ɗalibai, kwamfuta ta sume kamar kullum. Ga shi kuwa tsintsiya ba ta taɓa komai ba. Amma da Malama Habiba ta ɗauko fayil ɗin, manhajar binciken ta ƙi buɗe shi, sai na ji wani sanyi a raina (Allah Ya yafe mini). Ita ko a jikinta. Ta ce a matse yake, cikin tsarin da wannan manhaja ba ta ganewa, ta juya shi zuwa wanda take karantawa. Ya buɗe, sai lambobi zalla ba kai ba gindi. Ta ce wannan kamar rubutun allo ne da ba a sa masa wasali ba, dole a nemo fayil ɗin sunaye na ainihin wannan kanel ɗin, na ƙanensa ko na yayansa ba zai yi ba. Na farkon da ta sauke bai dace ba, ta sake nema ba tsaki ba ƙorafi. Wallahi ban taɓa ganin aiki mai tsafta irin wannan ba, ina tsaye a bayanta baki buɗe.

Da ta haɗa su, lambobin suka koma sunaye. Ta bi sahu layi bayan layi har ta isa kan ƙaramar manhajar da ke sarrafa na'urar yatsan. Ta nemi inda aka ɗauko ta, sai ga sunan jakar da aka ajiye ta a ciki ya fito a allon kwamfuta da manyan baƙaƙe. Ta yi ƙoƙarin rufa mini asiri, ta ce manhajar ce ba ta dace da kanel ɗin ba, kuma hakan na faruwa da kowa. Sai Baba Ilu, wanda ajami kawai yake karantawa, ya matso ya tambayi me aka rubuta. Alhaji ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi: "Aikin Injiniya, kada a taɓa."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ni na sauko da ita daga intanet, ni na kuma sa wa jakar suna. Na durƙusa na nemi gafarar dattijon, ya ce ba komai, ɗan yau ne. Ya miƙe da tsintsiyarsa, ya nuna ƙarƙashin teburina ya ce, "Injiniya, in share nan, ko shi ma kada a taɓa?"

Har yau idan kwamfuta ta faɗi, sai na karanta wasiyyarta kafin in buɗe baki, kamar yadda Malama Habiba ta koya mini. Shara kuwa na bar wa Baba Ilu, don a cikinmu biyu shi ya san abin da ake zubarwa.